Surukina da Ƙotar Wuƙata

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Surukina, mahaifin matata, ya riga mu tafiya. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka kai shi maƙabartar Shara'i, muka rufe shi, muka dawo.

An jera kujeru a layinmu na Kudai, aka rataya fitilu kamar yadda mutanen Makka suke yi idan an yi rashi. 'Ya'yansa maza suka tsaya a jere. Mai ta'aziyya ya zo, ya dafa kafaɗar kowa, ya wuce ya zauna. Ni ina wajen gahawa, don haka na ji abin da kowa ke faɗa.

Limamin unguwa ya ce bai taɓa waiwayawa da asuba ya rasa shi a sahun farko ba. Gaskiya ne. Ƙanwarsa, gwaggon matata, muryarta ta fito daga ɓangaren mata tana cewa, "To, yanzu sai a huta da warin mai a tufafi." Ta faɗi haka, sai kuka ya ƙwace mata. Daga baya abokansa suka iso, tsofaffin da suke haɗuwa da shi kan sha'anin ƙananan bindigogi. A cikinsu akwai wani Balarabe da kunnensa ya yi nauyi, ba ya iya magana a hankali. Ya rungume babban ɗan marigayin, ya ce da ƙarfi, "Allah ya girmama ladanku! Wallahi yanzu wa zai duba mini tawa idan ta cije?"

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Babban ɗan bai ji daɗi ba. Ya zo wurina ya ce, "Don Allah ka lallaɓa tsofaffin nan. Kada a yi zancen bindiga a nan. Mutane za su ɗauka wani abu ne. A faɗi sallarsa da zumuncinsa, ya isa."

Ban lallaɓi kowa ba. Idan aka cire wannan daga labarinsa, an binne rabin mutumin ba salla. Kuma ni da wannan rabin nake cin abinci har yau. Ban yi makaranta ba, ni nake faɗa, 'yata tana rubutawa.

A unguwar Jarwal, nan Makka, aka haifi surukina. Kakansa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi aikin hajji, bai koma ba. Surukina kuma ya yi rayuwarsa a wurin gyaran ƙarfen motocin alhazai har ya yi ritaya. Hausarsa ta Kano ce, ta tsofaffi, amma idan ransa ya ɓaci Larabci ke fitowa.

Yana da ƙananan bindigogi, duk da izinin hukuma. Ba ya farauta. Bai taɓa nuna wa mai rai bakin ko ɗaya ba. Allo suke harbi a wurin da aka keɓe don haka, shi da abokansa, kuma a harbin ma ba gwani ba ne. Abin da yake so shi ne ya kwance, ya goge, ya gano abin da ke damun ƙarfe, ya sassaƙa masa mariƙin itace.

Bai taɓa shigo da ko ɗaya cikin iyakar Harami ba. Yana da ɗan ɗaki a wata gona can bayan Arfa, a nan yake ajiye su a akwatin ƙarfe. Idan aka ce masa ai wahala ce, mota har can don goge ƙarfe, sai ya ce, "Garin da tattabara take yawo tsakanin ƙafafun mutane ba ta tsoro, ni ne zan shigo masa da wannan?" Wani abokinsa ya taɓa zuwa gida da tasa a jaka don a duba masa. A bakin ƙofa ya tsayar da shi, ko ruwa bai ba shi ba, sai da ya juya.

Yana da dokoki biyu a gyara, kowa a gidan ya haddace su. Ta farko, ba a ba shi labarin cuta. Idan ka ce tana cijewa, sai ya ce, "Harba in gani." Sau da yawa bai taɓa ƙarfen ba, mutumin yake kallo. Balaraben nan ya sha ji daga bakinsa: "Lafiyarta ƙalau. Wuyan hannunka ne ya zama taliya." Ta biyu, abu ɗaya ake canjawa. A canja, a gwada, sannan a taɓa na gaba.

Mariƙi kuwa, ba ya auna bindiga da farko, hannu yake aunawa. Sai ya ɗebo ƙullin fulawa daga na surukata, ya sa a leda, ya ce wa mutum ya matsa. Yadda yatsu suka zauna a ƙullin, haka zai bi da itace. Surukata ta yi faɗa har ta gaji. "Sambusata ce ta zama awo?" Shi kuma ya ce, "Hajiya, naki ƙullin ne kawai ba ya ƙarya." Wannan ɗabi'a ta bi shi ko'ina. Ba ya ganin abin riƙewa ya ƙyale. Ludayin gidan duk ya gyara musu ƙota. Sandar liman ma, ya karɓa wata rana bayan azahar, ya dawo da ita kanta ya dace da tafin mai ita.

Yanzu ni.

Mahauta ne mu tun kakanni. A wani gari kusa da iyakar Chadi da Sudan na tashi, tun ina ƙarami nake riƙe wuƙa. Wata ranar kasuwa masu bindiga suka shigo. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Na fita da raina. Hannuna na dama ya rasa manuni da ɗan tsakiya, sauran biyun suka ƙage, babban yatsa ne kawai ya tsira lafiya. Na bi hanya har Allah ya kawo ni Makka. Na yi dako. Na yi shara a Arfa lokacin aikin hajji. A ƙarshe na samu wankin faranti da tukwane wurin wani mai tsire, wanda mutanen nan suke kira sire. Ina wanki, ina kallon wani yana yanka naman da na fi shi sanin jijiyarsa.

A wannan hali surukina ya ba ni 'yarsa. Dangi sun yi magana, sun ce baƙo ne, ga hannu. Ya ce, "Na gan shi yana wanke tukunya har gindinta. Halas, magana ta ƙare." Tun daga nan ina jin nauyinsa kamar yadda ya kamata. Ba na cin abinci a gabansa. Idan zan gaishe shi na durƙusa daga nesa, hannuna yana cikin aljihu. Bai taɓa ganin hannun da kyau ba.

Rigimarmu guda ɗaya ce. Wata Juma'a ya ce a zo gonar a ci shinkafa. Na san yana da bindigogi, amma sani daban, shiga daban. Ina sa ƙafa a ɗakin warin man ya buge ni. Ga ƙarafa a baje kan tsumma, ga tsofaffi suna dariya, wani yana ɗaga tasa yana yabon sabon mariƙi. Na ce, a gaban abokansa, "Baba, ku wasa kuke yi da abin da ya ci rabin hannuna."

Surukina ya jawo tsumman ya rufe ƙarafan. Ni kuma na fita, na tsaya bakin titi har na samu motar da ta dawo da ni gari. Watanni suka wuce ban taka gidansa ba. Matata tana zuwa ita kaɗai. Har yau ban janye maganar ba. Shi ma bai taɓa neman in janye ba.

Ana nan, mai yankan nama a wurinmu ya ce zai koma gida. Maigidan ya san asalina. Ya ce, "Kai ɗan mahauta ne. Idan za ka iya yanka kafin aikin hajji, wurin naka ne. Idan ba za ka iya ba zan kawo wani, kuma shi da ƙaninsa za su zo, ƙanin zai karɓi wanki." Wato ko in riƙe wuƙa, ko in rasa duka biyun. Ga mata, ga goyo.

Na gwada. Naman tsire sai an yanka shi siriri, shimfiɗe, kauri ɗaya. Ni kuwa da na danna, wuƙar ta juya a tafina. Na ɗaure ta da tsumma, ta juya. Na koma hagu, hagu ba ta san komai ba. Abin da nake fitarwa ya fi kama da takalmi. Ban gaya wa kowa ba, amma mace tana ganin abin da miji ya dawo da shi a fuska.

Wata safiya na ɗaga kai, sai ga surukina tsaye a bayan shagon da farar riga tas. Ya jawo akwatin lemo ya zauna.

Na durƙusa. "Baba, ina kwana. Lafiya dai?"

"Yanka in gani."

"Baba, ai wuƙar ce take..."

"Ni ba a ba ni labarin cuta. Yanka."

Na yanka. Ya kalla. Jini ya fantsamo masa a riga, bai ko duba ba. Ya ce in sake. Na sake. Ya tashi ya zagayo ta bayana, ya leƙa ta kan kafaɗata. Sai ya zaro leda daga aljihu, da ƙulli a ciki.

"Kawo hannun."

Na tsaya. Suruki ba ya miƙa wa uban matarsa hannu haka nan, balle irin nawa.

"Ya waladi, ɗana, ba gaisawa za mu yi ba. Kawo."

Na miƙa. Ya riƙe wuyan hannun, ya juya shi, ya danna dungun yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ja ƙaramin ya ga iyakar inda yake miƙewa. Tunda abin ya same ni, duk wanda ya ga hannun nan ko ya kawar da kai ko ya ce wayyo. Shi bai yi ko ɗaya ba. Kallon da yake yi wa ƙarfe ya yi masa. Ya sa ƙullin a tafina ya ce, "Matsa kamar za ka yanka. Kada ka yi mini ƙarfin nuna wa mutane."

Na matsa. Ya karɓa a hankali kamar ƙwai.

Na ce, "Baba, ni fa ba zan shiga ɗakin can ba."

Ya ce, "Wa ya gayyace ka?"

Bayan 'yan kwanaki ya dawo da wuƙata, ya cire mata tsohuwar ƙota ya sa sabuwa. Itacen zaitun ne na dutsen Ɗa'ifa, wanda ya daɗe yana ɓoyo don wata bindigarsa da yake ji da ita. Ƙotar ta lanƙwasa ƙasa kamar mariƙin bindiga, da gurbin kowane yatsa da ya rage mini, da tudu a inda babu yatsu. Ya goge ta, ya shafa mata mai har tana ɗaukar ido. Da na ga siffarta gabana ya faɗi. Amma da na riƙe, ta zauna kamar da ita aka haife ni.

Yankan farko ya fita daidai. Na biyu ma. Yana murmushi, yana gyara hula. Sai na kai ga kitse. Tafina ya yi maiƙo, na danna, wuƙar ta sulɓe ta tashi sama ta faɗa cikin bahon ruwa. Saura kaɗan ta sauka a ƙafarsa.

Maigidan shagon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Alhaji, wannan ta ado ce, a rataye ta a falo."

Surukina ya naɗe hannun riga, ya tsamo ta da kansa. Ya daɗe yana murza ƙotar da yatsa. Ya ce, "Laifina ne. Na yi wa busasshen hannu. Bindiga ba ta da kitse."

Daga nan ya zama ɗan shagon. Ya kankare ƙyallin duka, ya kawo, ya zauna kan akwatin lemo ya kalla. Ta rage sulɓi amma tana zamewa gaba. Ya tafi da ita, ya tsattsaga mata ƙananan layuka, ya dawo. Layukan suka riƙe, amma suna cika da kitse kafin azahar. Ya tafi ya faɗaɗa su. Kowane zuwa abu ɗaya. Ni kuwa ina ganin motocin alhazai sun fara cika Kudai, maigida ya fara waya da wancan mutumin a gabana.

Na ce, "Baba, lokaci ya tafi. A canja duka gaba ɗaya mana."

"In na canja duka ta gyaru, wanne ne ya gyara ta? In ta lalace, wanne ne ya lalata ta?"

"Ni dai ta yanka."

"Kai dai ka yi shiru ka yanka."

Abokansa suka ji labari, su ma suka fara zuwa. Tsofaffin nan da na yi wa magana a gona, babu wanda ya tuna mini. Suka kewaye teburin suna gardama kamar a kan bindiga. Wannan ya ce nauyin ya yi gaba. Wancan ya ce a naɗa fata. Balaraben yana ihu, "A sa mata roba! Roba!" Surukina ya ce masa, "Kai da ko cokali ba ka iya riƙewa." Suna gardama suna cin tsire, har maigida ya ce ko wuƙar ba ta gyaru ba shi dai ya samu masu saye.

Abin da ya gyara ta ƙarami ne. Wata rana bai kalli wuƙar ba, ya tsuguna yana kallon ƙaramin yatsana. Ya ce, "Wannan shi ke aikin mutum uku, kuma ba shi da abin jingina." Ya tafi ya ƙara mata ɗan ƙugiya a gindi, inda yatsan zai maƙale. Da ya kawo, na shafa kitse a tafina da gangan, na kama cinya guda na shiga yanka. Ban tsaya ba sai da ta ƙare. Maigida ya ɗaga yanki ɗaya sama, ya juya shi, ya ajiye. Ya ce wa yaransa, "Ku kawo masa sauran." Wayar nan bai sake yin ta ba.

Na juya in yi godiya. Surukina ya riga ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Yajinku gishiri ya yi yawa," ya tafi.

A wannan shekarar na yanka nama a Arfa, a wurin da na taɓa yin shara. Tun daga nan ban sake wanke tukunyar kowa ba. 'Ya'yana da wannan wuƙar suka girma. Ƙarfen ya cinye an canja, an sake canjawa, ƙotar tana nan.

Ban fara son bindiga ba, shi ma bai daina ba. Ranar Juma'a ya tafi gonarsa, ni na tafi shago. Amma idan ya dawo yakan biyo ta wurina, ya zauna kan akwatin lemo, in yanka masa inda ya fi taushi saboda haƙora. A nan na fara cin abinci a gabansa. Ba mu da hira mai tsawo. Wata rana dai, yana tauna, ya ce, "Maganar da ka yi a gona, na ji ta." Na ce, "To, Baba." Iyakarta ke nan.

Da ciwo ya kwantar da shi, na je asibiti da yamma. Ya rame, muryarsa ta dushe. 'Ya'yansa suna gefe suna karatu. Na durƙusa daga nesa yadda na saba. Ya yafito ni. Ya ce, "Kawo hannun."

Shekaru sun taɓa hannun. Yatsan kusa da ƙarami ya ƙara lanƙwashewa, ƙotar ta fara cin gefen tafina, har wurin ya yi kanta. Ban gaya wa kowa ba, ko matata. Ina jin tsoron ranar da zan kasa riƙewa. Ya bi tafin da babban yatsansa, idonsa a rufe, ya tsaya daidai kan kantar.

"Tana cin ka."

"A'a, Baba."

"Kazzab, maƙaryaci. Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Shi ne ka yi shiru, sai da na kwanta." Ya huta, ya ja numfashi. "Tudun nan na tsakiya, gefen da ke kallon wuyan hannu. Nan kaɗai. Da ƙaramin magagari, mai jan kai. Kaɗan za ka ci. Ka yanka, ka ji, kafin ka ƙara. Kada ka ba kafinta, zai goge maka ita ta yi kyau."

Na ce, "Ina magagarin yake?"

Ya buɗe ido ya kalle ni. Ya san na san inda yake.

Da aka kwashe kujerun ta'aziyya, na ce wa babban ɗansa ya kai ni gonar. Ya dube ni, ya ɗauko mukulli. Muka wuce alamomin iyakar Harami, muka wuce Arfa, fili fetal babu kowa. Ya buɗe ɗakin ya tsaya a waje yana waya kan yadda za a miƙa bindigogin bisa ƙa'ida.

Warin yana nan yadda na bar shi. Na tsaya a bakin ƙofa. Sannan na shiga. Akwatin ƙarfen yana kulle a lungu, ban je wajensa ba. Kayan sassaƙa suna rataye a bango, kowanne da ƙusarsa. Na ɗauko mai jan kan. Na zauna kan kujerarsa, na danne wuƙar da gwiwa, na ci tudun da hannun hagu, gefen da ya ce, kaɗan. Zuciyata ta ce in ƙara tunda na zo. Ban ƙara ba.

Washegari na yanka tun safe har azahar. Na buɗe tafina na duba. Ba ta ci ni ba.

Allah, bawanka ne ya zo maka. Ya ga hannun da kowa ke kawar wa kai, ya mayar da shi bakin aiki. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi littafinsa a hannun dama. Amin.